Addinin Ɗan Takara da Ƙuri'ar Mai Zaɓe

Malam Lawal: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Hajiya Rabi da Malam Danjuma za mu tattauna a kan matsayin addini wajen auna ɗan takarar shugaban ƙasa. Hajiya, me doka ta ce?

Hajiya Rabi: A Najeriya, sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin ƙasa, sashe na 131 da ya jero sharuɗɗan takara kuma bai ambaci addini ba. Haka abin yake a Amurka. Amma a Pakistan doka ta wajabta shugaban ƙasa ya zama Musulmi, a Lebanon kuwa tun yarjejeniyar 1943 kujerar ta Kiristan ɗariƙar Maroniya ce.

Malam Danjuma: Hajiya, doka hannun gwamnati ta ɗaure, ba ta ɗaure zuciyar mai zaɓe ba. A 1960 sai da John Kennedy ya tsaya gaban limaman coci a birnin Houston ya bayyana musu cewa shi ɗan takarar jam'iyyar Dimokurat ne, ba na cocin Katolika ba, saboda Amurkawa da dama suna tsoron kada Paparoma ya riƙa juya shi.

Malam Lawal: To, laifi ne ke nan idan mutum ya duba addinin wanda zai zaɓa?

Hajiya Rabi: Ba laifi ba ne, Malam, sai dai mene ne ake dubawa? Yawancinmu suna muke dubawa, da hoton ɗan takara a sahun gaba ranar Juma'a ko a coci ranar Lahadi, alhali kowa ya san lokacin kamfe ne ake yawan ganin irin waɗannan hotuna. Shi kansa addinin ya ba mu ma'auni. A cikin Suratul Ƙasas, da aka zo maganar ɗaukar Annabi Musa aiki, siffofi biyu aka ambata, ƙarfi da amana, Annabi Yusuf kuma da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, da tsare dukiya da sanin aiki ya siffanta kansa. Saboda haka idan mutum ya yi gwamna shekara 8, albashin ma'aikata da asusun jiha da yadda ya yi wa waɗanda ba su zaɓe shi ba su ne shaidar tsoron Allahnsa da mu 'yan Adam za mu iya gani, abin da ke cikin zuciya kuwa Allah ne masani.

Malam Danjuma: Na yarda, amma akwai batun wakilci, wanda masu rinjaye kan manta da shi domin ba su taɓa ɗanɗana rashinsa ba. Da Bola Tinubu ya ɗauki Musulmi ɗan'uwansa Kashim Shettima mataimaki don zaɓen 2023, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta nuna adawa, kuma damuwar Kiristoci da yawa ita ce wa zai yi magana da yawunsu a fadar shugaban ƙasa.

Malam Lawal: Amma ai a 1993 Abiola da Babagana Kingibe duka Musulmi ne, kuma da dama daga cikin jihohin da Kiristoci suka fi yawa sun zaɓe su, har Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano.

Malam Danjuma: Gaskiya ne, Malam, sai dai tsakanin 1993 da 2023 an yi rikicin Kaduna na 2000, an yi na Jos, an yi Boko Haram, kuma yardar da ke tsakanin jama'a ta ragu ƙwarai. Inda yarda take, abin yakan zo da sauƙi. Senghor ɗan Katolika ne, amma ya mulki Senegal daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan shehunan ɗariƙu, musamman na Muridiyya.

Hajiya Rabi: Shehunan nan mu'amalarsa da su suka duba, wannan kuwa hujjata ce.

Malam Danjuma: Hujjata ce ni ma, Hajiya, domin da bai ba su matsayi a mulkinsa ba, da ba su tsaya masa ba.

Malam Lawal: Lokaci ya ƙure mana. A shiri na gaba za mu duba ko ya dace malamai da fastoci su ambaci sunan ɗan takara a kan mumbari. Mu kwana lafiya.