Tiyori ko Canki-canka: Abin da Ɗaliban Koyon Malanta Suka Gaya Mini

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayena malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. An raɗa mini cewa la'asar ta kusa, in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, ko da yake malami da lasifika sai a hankali.

Makonnin baya na shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe na NCE, wato karatun shaidar malanta, waɗanda suka dawo daga koyarwar gwaji, na ce kowa ya yago takarda ya rubuta mini ra'ayinsa, kada ya sa suna. A ci gaba da tambayoyin da ake rubuta amsarsu da hannu a WAEC da NECO, wato tiyori, ko a koma canki-canka zalla irin na JAMB? Ba haka kawai na tambaya ba. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. WAEC ta fara nata a 2024 da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu, inda tambayar tiyori take fitowa a allon kwamfuta, amsa kuma a rubuta ta a takarda. A 2025 ministan ilimi ya ce so ake WAEC da NECO su ma su koma kwamfuta gaba ɗaya. To ina makomar insha'i?

Da na zauna da takardun nan da daddare, mafi yawanku cewa kuka yi a soke tiyori. Wasu sun ce mai maki ɗan Adam ne, in ya tashi da ɓacin rai a kan yaro zai huce. Wasu sun ce mai kyan rubutu yana cin makin da bai cancanta ba. Wasu kuma suka ce Turanci ne yake kayar da yaranmu, ba rashin sani ba.

Wannan na ƙarshen ba zan musa ba. Insha'in Turanci na WAEC kalma wajen 450 ake nema, maki hamsin ne. Goma na abin da ka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goman ƙarshe na ƙa'idojin rubutu, kuma a nan kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, goman nan ta tafi ke nan. Yaron da bai jin Turanci sai a bakin malamin aji, kafin ya kai tsakiyar shafi ya gama da ita. Batun son rai kuwa, hukumar ta san da shi, shi ya sa ake tara masu maki a daidaita musu hannu kafin a ba kowa takardu, kuma akwai shugaban rukuni da yake zaro wasu ya sake dubawa. Ba ya hana kuskure kwata-kwata, amma yana ragewa.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Na je duba wani ɗalibinmu a makarantar da aka tura shi, na tarar da shi a gindin darbejiya da tulin littattafan lissafi, yana ta zabga sifili. Na ɗauki ɗaya, na wata yarinya. Layi shida ta yi, biyar daidai ƙwarai, a na ƙarshe ta manta alamar ɗebewa. Na ce, "Malam, me ya sa sifili?" Ya ce ai amsar ba ta yi daidai da ta bayan littafi ba. Alhali a WAEC hanya tana da makinta, amsa tana da nata. Da yarinyar nan ta kwashe mafi yawan makin tambayar. A canki-canka fa? Zaɓi huɗu ne a WAEC, biyar a NECO. Wanda ya rufe ido ya dangwala biro yana iya dacewa ya wuce ta, ita da ta san aikin ta tashi a tutar babu. Kuma malaminta ba zai taɓa sanin cewa alama ɗaya ce matsalarta ba.

Yanzu ku yi haƙuri, zan taɓa ku kaɗan. Takardun da kuka rubuto mini, da yawa babu sakin layi, babu aya, jimla ɗaya tun daga sama har ƙasa. A nan na fara zargin cewa ba tausayin yara ne kaɗai ya sa kuka ƙi tiyori ba. Jan biro kuke tsoro. Kun shiga aji mai yara fiye da ɗari, kun lissafa yawan littattafan da za ku ɗauka gida, gwiwa ta yi sanyi. Ban ga laifinku sosai ba, namu ya fi yawa. Muna koya muku darasin auna fahimta a kan allo, ku haddace ma'anoni ku zubo mana a jarrabawa, amma shekara uku ba mu taɓa miƙa muku takardar yaro ta gaske mun ce ku yi mata maki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, a makarantunmu abin da jarrabawa take tambaya shi ake koyarwa. Ranar da aka cire insha'i daga WAEC, ku rubuta ku ajiye, ranar za a daina ba yara aikin rubutu a aji. Kwamfuta ba na faɗa da ita, in akwai wuta kuma an koya wa yaro buga rubutu, ya buga insha'insa. Tambayar insha'in ce kada a kashe.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. 'Yan ajina, ranar Talata kowa ya zo da jan biro. Na samo insha'in wani yaro ɗan aji shida na sakandare, na goge sunansa, zan yi muku kwafi. Kowa zai ba shi maki shi kaɗai, sannan mu rubuta makin kowa a allo mu ga tazarar da ke tsakaninku. Wassalamu alaikum.