Ƙwayar Tazarar Haihuwa: Wa Za Ta Amfana, Wa Za Ta Cutar?

Assalamu alaikum. Iyayena mata, yayye da ƙanne, na gode da haƙurin zama.

Tambayar da aka fi yi mini a kan ƙwayar tazarar haihuwa ita ce, "Likita, tana da illa?" Ni kuma nakan ce, ga wa? Domin ƙwayar da za ta zauna lafiya a jikin 'yar shekara 25 mai ƙoshin lafiya, ita ce za ta iya kwantar da 'yar shekara 38 mai shan sigari.

Ina magana ne a kan ƙwayar da aka haɗa sinadarai biyu a cikinta, estrojin da furojestin, irin waɗanda jikin mace ke yi da kansa. Babban aikinta hana ƙwai fitowa. A 1960 aka fara amincewa da ita a Amurka, kuma ta wancan lokacin tana ɗauke da estrojin har maikirogiram 150. Ta yau kuwa, yawanci 20 ne zuwa 35. A ganina, rabin tsoron da muka gada na waccan tsohuwar ne.

To amma ba a ɓoye wa mai magani ciwo, shi ma mai magani bai kamata ya ɓoye illa ba. Babban abin tsoro shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ku riƙe lissafin hukumar magunguna ta Turai. A cikin mata 10,000 da ba su shan ƙwayar kuma ba su da ciki, kamar 2 ne abin ke samu a shekara. A cikin masu shan mai nau'in furojestin da ake kira levonorgestrel, 5 zuwa 7. Masu shan wasu sababbin, irin mai drospirenone, 9 zuwa 12. Haɗarin ya ƙaru, babu shakka, kuma ya fi yawa a shekarar farko. Sai dai juna biyu, musamman makonnin farko bayan haihuwa, ya fi ƙwayar jawo wannan matsalar.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace waɗanda ba za a ba su ba. Wadda ta kai 35 tana shan sigari. Mai hawan jini, balle wadda awonta ya kai 160 bisa 100. Wadda jini ya taɓa daskare mata, ko ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko take da sankarar mama. Mai jego da ke shayarwa, kafin ta cika mako 6. Sai wadda aka fi mantawa da ita: mai ciwon ɓarin kai wadda kafin kan ya sara take ganin walƙiya ko zane mai ƙyalli a idonta. Ita wannan ƙwayar na iya jawo mata shanyewar jiki, kuma in ba a tambaye ta ba, ba za ta faɗa ba, don ba ta san yana da nasaba ba. Duk wanda ya miƙa miki ƙwayar bai auna jininki ba, bai yi miki waɗannan tambayoyin ba, gaskiya bai kyauta miki ba. Ke ma ki faɗa masa in kina shan rifampicin na tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya, domin suna karya ƙarfinta.

Yanzu ga alherin da ba a cika faɗa ba. Tana rage zubar jinin al'ada, don haka tana kare mace daga ƙarancin jini. Tana sauƙaƙa ciwon mara, ta daidaita kwanaki, ta rage ƙurajen fuska. Akwai matan da don wannan kaɗai muke ba su. Mafi girma kuma, tana rage sankarar ma'ajiyar ƙwai da ta cikin mahaifa. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2008 ya nuna kowace shekara 5 ta shan ƙwayar tana rage haɗarin sankarar ma'ajiyar ƙwai da kusan kashi 20 cikin 100, kuma kariyar na nan har bayan shekara 30 da dainawa. Sankarar mama dai tana ɗan ƙaruwa lokacin da ake sha, amma ƙarin yakan gushe cikin shekara 10 da bari.

Na ga wata baiwar Allah can baya tana girgiza kai, na san batun rashin haihuwa ne, wai ƙwayar tana taruwa a mahaifa ta hana mace haihuwa ko bayan ta daina sha. Hajiya, ƙwayar ba ta taruwa a mahaifa. Shi ya sa ma mantuwar kwana biyu kan iya kawo ciki. In an sha daidai, ƙasa da mace 1 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara, amma saboda mantuwa sai ya kai kamar 7. Kuma ba ta kare kowa daga ƙanjamau.

Tashin zuciya da ɗan ɗigon jini na watannin farko sukan wuce. Amma kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ko ciwon kai mai tsanani da ba ki saba da shi ba, ki ajiye ƙwayar ki tafi asibiti a ranar.

To, Hajiya, bismillah, ke za ki fara tambaya.