Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Jim Stynes?

Masu sauraro barkanku da warhaka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin Jim Stynes, ɗan wasan Ireland da aka yi wa jana'izar ban girma a Ostireliya. Me ya yi musu haka?"

To Malam, an haifi Jim Stynes a birnin Dublin a 1966. Ya taso yana buga ƙwallon gargajiyar Ireland, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, har ya ci kofin matasa na ƙasa da tawagar Dublin a 1984. Yana ɗan shekara 18 ƙungiyar Melbourne ta ɗauke shi zuwa Ostireliya, ya koyi irin tasu ƙwallon mai siffar ƙwai.

Farkon bai zo masa da daɗi ba. A 1987, a wasan neman zuwa ƙarshe da ƙungiyar Hawthorn, ya gifta ta wurin da doka ta hana, alƙalin wasa ya matso da abokin hamayya mita 15 kusa da raga, aka ci, Melbourne ta fita. Wani da ya tattara ya koma gida. Shi ko ya daure, a 1991 ya lashe lambar Brownlow, ta gwarzon ɗan wasan shekara. Ya buga wasa 244 a jere ba fashi, har da lokacin da ya karye a haƙarƙari, aka kuma shafe sama da shekara 20 ba wanda ya kamo shi.

Amma a ganina ba ƙwallo ce ta sa mutanen Melbourne suka yi kukan rashinsa ba. A 1994, yana tsakiyar tashensa, shi da wani daraktan fim mai suna Paul Currie suka kafa gidauniyar Reach domin matasa. Ba kuɗi ya miƙa ya juya baya ba. Da kansa yake zama cikin samari da 'yan mata, masu fama da ƙunci da waɗanda suka raina kansu, ya saurare su har su buɗe baki su faɗi abin da ke cin su. Wannan aiki na taɓa ni ƙwarai, domin matashi sau da yawa mai sauraronsa yake nema kafin mai yi masa faɗa.

A 2008 ya zama shugaban ƙungiyar Melbourne bashi ya yi mata katutu, ya jagoranci gangamin da ya biya shi. A 2009 likitoci suka gano yana da sankara. Ya rasu ranar 20 ga Maris, 2012, yana da shekara 45, gwamnatin jihar Victoria kuma ta shirya masa jana'izar a majami'ar St Paul.

Mai wasiƙar ya ƙara da tambayar ko wasu 'yan Ireland sun bi sahunsa. Sun bi. Tadhg Kennelly ya ci kofin Ostireliya da ƙungiyar Sydney a 2005, ya koma gida ya ci na Ireland da Kerry a 2009.