Gwaggo, Sandar Golf da Cigiyar Ɗan Tsintuwa

Assalamu alaikum jama'a. Wannan hoton da ke gabanku shi ne ya yi ta yawo a WhatsApp da Facebook tun ranar da muka kai Gwaggo makwancinta. Tsohuwa ce da mayafinta, sandar golf a hannu, duwatsun Jos a bayanta. Sunanta zan bar wa iyalinta. Daga Gangare har Dilimi kowa Gwaggo yake ce mata, haka ni ma na taso ina kiranta. Ta haura shekara tamanin a duniya, kuma ƙarfinta kaf a aikin kula da walwalar yara ya ƙare.

Addu'o'i sun zuba, Allah ya saka da alheri. Amma akwai magana ɗaya da ta yi ta dawowa a ƙarƙashin hoton, wai irinsu ne masu ƙwace jariri daga hannun baiwar Allahn da ta tsince shi. Maganar ta sosa min rai, ita ce ma dalilin wannan bidiyo.

Bari mu fara da filin golf ɗin da ke hoton, tunda shi ya ja hankalinku. Nan Rayfield ne. Tun 1913 ake buga golf a nan, zamanin Turawan haƙar kuza. Cikakken wasa ramuka 18 ne, wanda ya kammala da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ina saurayi ni nake saɓa mata jakar sanduna ranar Asabar, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Matan unguwa kuwa in sun ga ta fito sai su ce Gwaggo za a tafi farautar ƙwan zabo, ita ma ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ku lura da mutumin nan da ya sunkuya cikin ciyawa. Ƙwallonsa ce ta ɓace. Doka ta ba shi minti 3 ya nema, kafin 2019 minti 5 ne. To ko ya ga farar ƙwallo a gabansa, ba zai ɗaga sanda ba sai ya tabbatar tasa ce, don in ya buga ta wani za a ƙara masa bugu biyu na tara. Shi ya sa kowa ke sa wa tasa alama. Gwaggo ɗigon kore take yi wa tata. Sau da yawa na tsinto mata sabuwa fil in ce Gwaggo ga ta, sai ta juya ta, ta juya, ta ce ɗana, wannan da mai ita.

Yanzu ga aikin. An tsinci jariri a ƙofar masallaci, ko yaro yana kuka shi kaɗai a tashar Bauchi Road. Matakan farko kowa ya sani: in yana buƙatar magani a kai shi asibiti, a sanar da mai unguwa, a kai rahoto caji ofis, 'yan sanda su haɗa da ofishin walwalar jama'a. Ba a nan rigimar take ba.

Rigimar tana wurin cigiya. A nan nake so mu ɗan zauna.

Da yawanmu da mun ga yaro a yashe sai mu yanke hukunci cewa jefar da shi aka yi. Ba kullum ba ne. Wani ɓata ya yi a cunkoson kasuwar Terminus, uwarsa tana can tana ihu a wani layin. Wani sato shi aka yi, ɓarawon ya ji tsoro ya ajiye. Wata uwar taɓin hankali ne ya same ta bayan haihuwa, danginta ma nemanta suke yi ita da jaririn. Mu mutanen Jos ba ma buƙatar dogon bayani. Wanda ya ga rikicin Jos na Satumbar 2001 ya ga yadda gudun tsira ke raba uwa da ɗanta cikin ƙiftawar ido. Kuma ba mu manta da yaran Kano tara da aka sace aka gano a Onitsha a 2019 ba. Kowane ɗayansu yana da iyayen da suke kwana ba barci.

Shi ya sa jami'i ba ya barin yaro haka kawai a hannun wanda ya tsince shi, komai kyawun niyyarsa. Sai an rubuta inda aka same shi, da ranar, da lokacin, da tabo ko tsagar da ke jikinsa. Zanen da aka naɗe shi da shi ma Gwaggo ba ta yarda a yar ba, sai ta ninke ta adana, don wata rana shi ne shaidar da uwa za ta kawo. Sannan a ajiye yaron na wucin gadi a gidan marayu ko hannun iyalin da hukuma ta amince da su, a ba da cigiya a rediyo, a bi masu unguwanni, a leƙa asibitoci. Wanda ya rungumi yaro ya shige gida ya yi shiru, to ya toshe hanyar da iyayen za su bi su same shi, ko da bai nufi hakan ba.

Ba zan ɓoye muku ba, jiran yana da ciwo. Macen da ta kwana uku tana goya jariri ta riga ta zama uwa a zuciyarta. Kuma wani jinkirin ba na cigiya ba ne, na rashin mota ne da takarda da ta kwanta a tebur, wannan kam ya kamata a gyara shi. Na sha ganin Gwaggo ta hau acaɓa da kuɗin aljihunta don kada fayil ya kwana.

In cigiya ta ƙare ba a samu kowa ba, ƙofa a buɗe take, har ga wadda ta tsince shi. Sai dai ta kotu za a bi. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Filato ta yi tata a 2005, ta kafa kotun iyali, kuma ma'auninta ɗaya ne, abin da ya fi zama alheri ga yaron. Jami'i zai zo gidanki, ya ga makwanci, ya ga abinci, ya ji ta bakin maigida, ya rubuta wa alƙali rahoto. A dokar tarayya, mai son a mallaka masa yaro dindindin sai ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata 3 a jere kafin hukunci.

Ga masu tambayar addini, riƙo daban, canja nasaba daban. Aya ta 5 cikin Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Riƙon maraya kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai yin sa a Aljanna. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala, wato riƙon yaro a Musulunci, da sunanta.

Hotuna sun kusa ƙare mana, saura wannan na zaman makoki. Ba za mu nuna fuskoki ba. Dattijuwar da ke gefen tabarma mai sayar da kayan miya ce. Shekarun baya ta tsinci wani yaro a bakin kasuwa, Gwaggo ta zo ta karɓe shi, har suka yi kaca-kaca, dattijuwar ta daina gaishe da Gwaggo. Bayan wasu makonni sai ga mahaifin yaron daga wajen Bukuru, ya ji cigiya, ya faɗi tabon ƙuna da ke ƙafar ɗansa tun kafin a nuna masa shi. Magidancin da ke zuba mata ruwa a kofi shi ne yaron. Inna yake ce mata, kuma shi ya ɗauko ta a motarsa suka zo ta'aziyya tare.

Jakar sandunan tana hannun jikarta yanzu. Da muka buɗe aljihun gefe mun samu ƙwallaye huɗu, kowace da ɗigon kore. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya kai haske kabarinta.