Kafin a ƙara wa kilima gas, a duba fankarta

Assalamu alaikum jama'a. In bazara ta kama a Yamai, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 da rana. A lokacin ne kilima, na'urar sanyaya ɗaki, ke nuna halinta: tana ta gunji, kuɗin wuta na tafiya, ɗaki kuwa ba sanyi. Abin da maigida zai fara cewa shi ne gas ya ƙare. To, a dakata tukuna. Gas a rufe yake cikin bututu, zagayawa yake yi, ba ƙonewa ba. In babu yoyo, ba inda za shi. Sau da yawa iska ce ba ta wucewa, tura iska kuwa aikin fanka ne.

Kilimar da ake maƙalawa a bango fanka biyu gare ta, ɗaya a ɗaki, ɗaya a akwatin waje. Kafin ka taɓa kowacce, ka yanke wuta daga babban makunni. Kashewa da rimot kaɗai ba ta isa ba.

Mu fara da ta ɗaki. Ɗaga murfin gaba, ka zaro ragar da ke tace ƙura, ka wanke da ruwa, ka shanya a inuwa. A garin nan, duk sati biyu bai yi yawa ba. Yanzu ɗauko tocila ka haska ta bakin da iska ke fitowa. Kun ga wannan doguwar gangar mai ƙananan fukafukai? Ita ce fankar, kuma ita ce kowa ke mantawa da ita. Ƙurar hunturu ta kwanta mata tun Disamba, danshin sanyi ya jiƙa ta, ta zama laka ta cike ƙwaryar kowane fiffike. Fankar tana juyawa, amma ba ta ɗiban iska. Daga nan sai ƙanƙara ta kama bututu, ruwa ya riƙa ɗiga a bango, ɗaki ya ɗauki warin ruma. Shimfiɗa leda a ƙasa, riƙe gangar da yatsa, ka bi fukafukan da tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwan sabulu. A hankali fa, roba ce. Ka karya ɗaya, rawa da ƙara sun zauna ke nan.

Ta waje ita ke fitar da zafin da aka kwaso daga ɗaki. In ta tsaya, kwampireso, injin da ke tura gas cikin bututu, ya ɗau zafi ya yanke kansa, in abin ya yawaita ya ƙone, shi ne kuwa mafi tsada a jikin na'urar. Cire leda da ganye da gidan zanzaro, ka zuba ruwa a hankali a kan siraran ƙarafan baya, ban da wajen wayoyi. Uwargida, don Allah a daina jingina tabarmi da kwanuka a gabanta.

Wuta a yanke, sa siririn itace ta raga ka tura fiffiken fankar waje. In ya yi tauri ko yana gurza, boris ɗin da fankar ke juyawa a kansa ne ya ci, sai canji. Kada a ɗura masa man gyaɗa, daskarewa yake yi ya kama ƙura. In kuwa ya juya sumul, amma da an kunna sai gunji ba motsi, to a zargi kondansater, ɗan abin da ke ba mota, wato injin da ke juya fanka, ƙarfin tashi. Zafi na rage masa ƙarfi, shi ya sa ya fi mutuwa da bazara. Wannan aikin mai gyara ne, don kondansater yana riƙe wuta ko bayan an kashe. Naka shi ne ka karanta lambar da ke jikinsa: na fanka ƙarami ne, kamar mikrofarad 2 ko 3, na kwampireso kan kai 30 ko fiye. In za a sayo sabo a kasuwar Katako, a tafi da tsohon a hannu, lamba ta zo daidai da lamba. Wanda ya fi girma zai sa mota ta yi zafi, wanda bai kai ba kuma ba zai tashe ta ba.

In an yi duk wannan, iska na fita da ƙarfi amma ba sanyi, sai a yi maganar gas, kuma mai gyara ya fara nemo inda yake yoyo ya toshe kafin ya ƙara.