Yadda yaran firamare a Birtaniya ke koyon rayuwar Keltawa da hannunsu

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan'uwa mata da ke can baya, ina fata kuna jina.

Yau zan yi magana ne kan wasu mutane da Girkawa suka kira Keltoi, mu ce Keltawa. Sun zauna a yankuna masu yawa na Turai a zamanin ƙarfe, wanda a Birtaniya ya fara wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙare da shigowar sojojin Rum a shekara ta 43 bayan haihuwarsa. Ba su bar mana littafin tarihinsu ba. Yawancin abin da aka rubuta a kansu, Girkawa da Rumawa ne suka rubuta, su Rumawan kuwa yaƙi suka yi da su. To malam, in abokin gabarka ne ya ba da labarinka, me kake zato zai faɗa? Shi ya sa aka koma tonon ƙasa, a ga abin da suka ci, da irin ɗakin da suka kwana.

A Ingila, yaran shekara 7 zuwa 11 suna karanta wannan zamani a manhajarsu. Abin da ya burge ni shi ne ba a barinsu a aji kawai. Ana ɗibar su a mota zuwa wurare irin su gonar gwaji ta Butser da ke Hampshire a kudancin Ingila, wadda aka kafa a 1972 ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi Peter Reynolds, ko Castell Henllys a yankin Wales, inda aka sake gina ɗakunan Keltawa a daidai gurbin da aka tono na asali.

Ɗakin zagayayye ne, da jinka. Bangon, tsumagu ake saƙawa a yaɓe da laka haɗe da ciyawa da kashin shanu. Na ga wasunku suna murmushi, don kun san wannan ginin! Yaro zai tsoma hannu cikin lakar nan ya yaɓa da kansa. Ya shiga ciki, duhu, murhu a tsakiya, hayaƙi na tashi yana bi ta cikin jinkar tunda ba a yi masa ƙofar fita a sama. Idonsa ya yi ja, rigarsa ta ɗau ƙauri.

Sai a zaunar da yarinya gaban dutsen niƙa, a zuba mata alkama. Kafin ta tara garin da zai cika tafin hannu, kafaɗa ta gaji. Daga nan ba sai an gaya mata wahalar da uwar gida ke sha kafin a ci gurasa ba, ta ji a jikinta.

Ga wani abin mamaki. Rumbunsu a ƙarƙashin ƙasa yake. Rami ake haƙawa, a cika da hatsi, a liƙe bakin da yumɓu. Hatsin da ke jikin bango sai ya fara tsira, ya shanye iskar da ke ciki, sauran ya zauna lafiya bai tsira ba, ƙwaro ma ba ya rayuwa. A Butser an gwada, an ga yana yi.

Julius Kaisar, jagoran sojojin Rum, ya rubuta cewa mutanen Birtaniya suna shafa shuɗi a jiki don su ba da tsoro a fagen fama. Ganyen da ake jin sun yi amfani da shi, launin da yake bayarwa iri ɗaya ne da na baban da ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano.

Nan zuciyata take sosuwa. Su can sai da suka tono ƙasa, suka yi gwaje-gwaje na shekaru, kafin su gane yadda ake ɗora jinka. Mu kuwa mai jinkar yana raye, maƙerin yana bakin kasuwa, tsohuwar da ke kaɗi da mazari tana cikin gida, amma ɗalibanmu a allo kaɗai suke jin sunansu. Malam Hedimasta, ranar Alhamis mai zuwa ka ba ni 'yan aji huɗu, in kai su maƙera su riƙe zugazugi.