Me ya sa XML ke ƙin lambar wayarka amma ya karɓi Ghana Card?

Salamu alaikum jama'a. Wannan hoton da kuke gani a allo ya gama zaga guruf-guruf na masu koyon kod tun daga Aboabo har Asawase, kowa na tura wa ɗan uwansa wai XML, wato tsarin rubuta bayanai a fayil ta hanyar tag, ba ya son lamba. Wani ma cewa ya yi Hausar ce gaba ɗaya ba ya so, sai Turanci. To duka biyun ba haka ba ne, ku ba ni minti kaɗan.

Hoton na rajistar ɗaliban wata islamiyya ne, mai ita ya ɗauki lambar wayar mahaifin kowane yaro ya mai da ita sunan tag, wato sunan da ake sawa tsakanin < da >, 024 da sauransu, ya buɗe fayil ɗin a burauza sai ga jan rubutu na kuskure. Yanzu ku kalli nan, na goge lambar wayar na sa lambar Ghana Card irin ta misali, GHA, karan ɗori, lambobi tara, karan ɗori, lamba ɗaya. Shiru kake ji, ya wuce. Ga adireshin GhanaPost na Kumasi mai farawa da AK, shi ma ya wuce. Duk cike suke da lambobi fa. To ina maganar ba ya son lamba?

(A tsayar da hoto a kan harafin farko)

Nan ne wajen, kuma nan zan daɗe. Dokar suna a XML kashi biyu ce, tun da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da shi a 1998 haka take. Harafin farko da dokarsa daban, sauran da ke biye da tasu dokar. A farko abu uku kawai aka yarda da su: harafi, ko layin ƙasa wato andasko, ko ruwa biyu. Daga gurbi na biyu zuwa ƙarshe sai a ƙara maka lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori, da aya. Kamar trotro ne, lamba fasinja ce, ta zauna duk kujerar da ta ga dama amma ba a ba ta sitiyari.

Mu gwada tare, kar ku yarda da bakina. aji2, ya wuce. 2aji, ja. Haruffa ɗaya ne fa, wuri kawai na sauya musu. kuɗin-makaranta ya wuce, amma in karan ɗorin ya dawo gaba ya zama -kuɗi, ja. Aya ma haka. _2aji kuwa lafiya lau saboda andasko ne a gaba. Lambar waya a Ghana da sifiri take farawa, ko da +233 in ka rubuta ta waje, kuma alamar tarawa ma ba ta cikin jerin ko a farko ko a tsakiya, shi ya sa ba yadda za ka juya ta ta shiga.

Wani zai ce wa ya kawo wannan tsari? Gado ne daga SGML, uban XML, na 1986, can ma suna da harafi yake farawa. Kuma abin da ke ƙara rikita mutane shi ne a cikin XML ɗin kansa akwai wata doka mai suna Nmtoken wadda ita ba ruwanta, fara da lamba in ka so, amma ba ita ake bi wajen sunan tag ko ID ba. Sannan ga HTML5, harshen rubuta shafukan intanet, da ya sassauta, id ɗinka zai iya farawa da lamba muddin ba sarari a ciki, to mutum ya saba da wancan sai ya zo nan ya ga an hana shi ya ce kwamfuta ta lalace. Ko a can ɗin ma ka rubuta #024 a CSS, mai ƙawata shafi, ka gani in zai kama.

Sai batun Hausa. Ƙ, ɗ, ɓ, ƴ duk halal ne, a farko ko a tsakiya, ga ƙauye, ga ɗalibi, duk kore. Ɛ da ɔ na maƙwabtanmu Asante su ma sun wuce. Wanda ke ba mu matsala shi ne alhamza ta kibod. Ka rubuta ma'aikaci ko 'ya'ya da ita, ja nan take, domin a XML wannan alamar aikinta rufe zance ne. Akwai wata mai kama da ita sak a Unicode, U+02BC, ita ana lissafa ta a harafi kuma za ta wuce, amma ni dai ban ba ku shawara ba, wata uku nan gaba wani zai zo gyara ya buga ta kibod ya kwana yana neman inda kuskuren yake alhali ido ba ya bambance su. Ku rubuta maaikaci ko ma_aikaci ku huta.

Wani abin dariya, a bugu na biyar na dokar, na 2008, an faɗaɗa jerin har alamar sidi ₵ ta samu shiga, ta dala kuwa har yau tana waje. Kar ku yi murna da yawa, wasu manhajojin tsohon jerin suke bi.

Sauran da sauri. Sarari babu shi, sunan uba sai dai sunan_uba. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, ka buɗe da Suna ka rufe da suna, ja. Kar ka fara suna da xml, ko da manya ko da ƙanana, bugun dokar na 2008 ya keɓe shi, duk da yawancin manhajoji ba za su yi maka ihu ba. Ruwa biyu kuma na ce an yarda, e, amma tun 1999 na masu namespace ne, wato tsarin rarrabe sunaye gida-gida, ka sa shi haka kawai sai a tambaye ka ina ka bayyana abin da ke gabansa.

(A nuna tagar umarni)

Wajen dubawa, don Allah ku daina kwafo wancan regex ɗin, wato tsarin tace rubutu, na A zuwa Z daga intanet, shi ne ke korar ƙ da ɗ har ake ɗora wa XML laifi. Ga xmllint nan, manhajar duba XML, ka ba shi fayil da --noout, in akwai kuskure zai faɗa maka layin. Masu .NET kuna da XmlConvert.VerifyName, in kuma ba a son ruwa biyu sai VerifyNCName.

Shi kuma mai rajista, zai iya manna waya_ a gaban kowace lamba ta wuce, amma in ni ne ba zan yi haka ba, tunda uba ɗaya na iya samun yara huɗu a makarantar kuma gobe ya canza layi. Tag ɗin a kira shi waya kawai, lambar ta zauna a tsakiyarsa, ga shi nan na gyara, na sake lodawa, duk ɗaliban sun fito.